TUMFURE, ƘOFAR GOMBE, DA 'YAN WASAN DA AKA BARI A BAKIN FILI

Duk wanda ya taso daga Bauci ya nufi Gombe a mota, tafiyar kilomita wajen 150 ce a gabansa. Zai ƙetare kogin Gongola a gadar Dindima, inda hanyar Yankari ta rabu, ya wuce Alƙaleri, ya shiga Jihar Gombe, ya bar filin jirgin sama na Lawanti a gefe. Daga nan sai gonaki su fara ja da baya, gidajen bulo da rufin kwano su fara tarye shi. To, nan ne Tumfure. Ita ce ƙofar Gombe ta yamma, baƙon da ya biyo wannan hanya ba ya shiga birni sai ya gaishe ta.

A wajen mulki Tumfure tana cikin Ƙaramar Hukumar Akko ne, wadda hedkwatarta ke Kumo. Amma a zahiri ta riga ta zama unguwar birnin Gombe, don kuwa mutum ba ya iya nuna inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara.

Shi kansa garin Gombe yaro ne in an gwada shi da Kano ko Katsina. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya kafa sarautarsa, can kusa da Gongola. Bayan zuwan Turawa da yaƙin Burmi na 1903, aka mai da hedkwata Nafaɗa, sa'an nan a 1919 aka kawo ta Doma, inda birnin yake a yau. Auduga da gyaɗa, da hanyar jirgin ƙasa da aka ja zuwa Maiduguri cikin shekarun 1960, su suka raya garin. Amma ranar da ta sāke kamanninsa ɗungum ita ce 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da aka yanki Jihar Gombe daga ta Bauci. Ma'aikata suka kwararo, 'yan kasuwa suka biyo su. Tsohon garin kuwa a cikin kwari yake, ga zaizayar ƙasa tana cin unguwanni kowace damina, saboda haka masu neman fegi suka hau tudu ta yamma. Daga baya rikicin da ya addabi Barno da Yobe ya ƙaro waɗansu dubban mutane da suka zo neman mafaka. Haka ƙauye ya wayi gari ya zama unguwa.

Yau a Tumfure akwai Bafillace da Bahaushe, da Batangale da Batere da Bawaje da Babole, da waɗanda suka zo daga kudancin ƙasa. Da asuba ana jin ladanai ta kowace kusurwa, ran Lahadi kuma ana jin waƙe daga coci-coci. 'Yan garuwa na tura kurarsu cikin lunguna, 'yan Keke Napep na ɗibar fasinja zuwa cikin gari, masu shayi da masu tsire na jiran magariba.

IN LA'ASAR TA YI

In rana ta yi sanyi, duk fegin da mai shi bai riga ya gina ba ya zama filin ƙwallo. Duwatsu biyu ko takalma biyu sun isa raga. Gombe dai garin ƙwallo ne, gidan Gombe United, kuma yaran da ke buga ƙwallo a rairayi ba su da burin da ya wuce wata rana a gan su a babban filin wasa na Pantami.

Amma mai lura, in ya ɗauke ido daga ƙwallon ya dubi bakin fili, a irin waɗannan unguwanni ba ya rasa ganin wani yaro da ke tsaye shi kaɗai. In an ci yana tsalle, in ƙwallo ya fita shi ke ruga wa ɗaukowa, amma in ana raba 'yan wasa ba wanda ke kiran sunansa. Sau da yawa ma an mance da sunan da aka raɗa masa ran suna, sai dai dolo, ko gaula, ko wawan unguwa. Wannan ma ya ci sa'a, tun da ana barinsa ya fito. Akwai waɗanda ke can ƙuryar gida, maƙwabta ma ba su san da su ba.

Waɗannan su ne masu naƙasar ƙwaƙwalwa, watau waɗanda tun suna ƙanana fahimtarsu da koyonsu ke tafiya a hankali fiye da na tsararrakinsu. Ya kamata mai karatu ya bambanta wannan da taɓin hankali, don ba abu ɗaya ba ne. Masana sun ƙiyasta cewa cikin mutum 100 akan sami 1 zuwa 3 masu wannan lalura. Ke nan unguwa mai mutum 10,000 ba ta rasa mutum 100, ko an gan su ko ba a gan su ba.

A ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, kutare da guragu ma haka, kuma ta bakin sarakunan nan ake kai kukansu fada. Guragu har sun ƙago wa kansu ƙwallon da ake bugawa da hannu a kan 'yan allunan taya, 'yan wasan Nijeriya masu ɗaga nauyi kuwa sun sha kwaso zinariya a wasannin naƙasassu na duniya. Mai naƙasar ƙwaƙwalwa shi ne ba shi da sarki, ba shi da waziri. In uwarsa ba ta yi magana dominsa ba, maganarsa ta mutu.

BA ISKA BA NE

Jama'a kan haɗa lalurori iri iri su kira su galahanga, waɗansu kuma su ce yaron ɗan ruwa ne, aljannu suka musanya shi. Likitoci kuwa sun daɗe da sanin musabbabai da yawa. Akwai doguwar naƙuda, wadda kan hana jariri numfashi har ƙwaƙwalwa ta taɓu. Akwai shawarar jarirai, wadda in an kai asibiti da wuri ake magance ta da fitila mai shuɗin haske, in an yi jinkiri kuwa ta bar tabo har abada. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da sanƙarau. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tsira kuwa akwai waɗanda suka kurumce ko ƙwaƙwalwarsu ta raunana. Akwai ƙarancin sinadarin aidin, mai kawo maƙoƙo, abin da ya sa tun 1993 aka wajabta sa shi cikin gishirin da ake sayarwa. Akwai gubar dalma, irin wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Akwai tamowa.

Sa'an nan akwai lalurar da wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya bayyana a 1866, har aka sa mata sunansa. A 1959 aka gano a Faransa cewa ƙarin ƙwayar halitta guda ɗaya ke kawo ta. Ana samunta a kowace ƙabila, wajen jariri 1 cikin 1,000. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba ne, ba kuma sammu ba ne.

DAGA SHIKAGO ZUWA ABU DABI

Labarin yadda aka shigar da irin waɗannan yara cikin fili ya faro ne daga wani gida na masu mulki a Amurka. Shugaba John Kennedy yana da ƙanwa mai suna Rosemary, wadda ke da naƙasar ƙwaƙwalwa, iyalin kuma suka daɗe suna ɓoye al'amarinta. Wata ƙanwar tasa, Eunice Kennedy Shriver, ita ta fasa ƙwai. A 1962 ta buɗe filin gidanta ta gayyaci yara masu wannan lalura su zo su yi guje-guje da iyo. Ran 20 ga Yuli, 1968, aka tara 'yan wasa wajen 1,000 daga Amurka da Kanada a wani babban fili a birnin Shikago. Wannan shi ne mafarin ƙungiyar Special Olympics, watau Wasannin Olamfik na Musamman.

Tsarinsu ya bambanta da na sauran gasa. Daga shekara 8 yaro na iya shiga. Kafin a fara sai a gwada kowa, a haɗa shi da waɗanda ƙarfinsu ya yi daidai da nasa, don kada a sa kunkuru tsere da barewa. Akwai kuma wasannin haɗin gwiwa, inda masu lalura da marasa lalura ke zama ƙungiya ɗaya, riga iri ɗaya.

A 2003 aka yi babbar gasar bazara a Dablin ta ƙasar Ailan, karo na farko a wajen Amurka. A watan Maris na 2019 aka yi ta a Abu Dabi, da 'yan wasa fiye da 7,000, karo na farko a ƙasar Larabawa. Hukumomin can sun riga sun daina kiran naƙasassu da sunan naƙasa, sun raɗa musu As'habul Himam, watau ma'abota himma. Sai mai karatu ya auna wannan suna da dolo. A Janairun 2020 aka yi gasar Afirka ta farko a Alƙahira, a 2023 kuma duniya ta sake haɗuwa a Balin ta Jamus. Ƙungiyar tana da reshe a Nijeriya mai ofis a Ikko, kuma 'yan wasan ƙasar nan sun je Abu Dabi da Balin sun dawo da lambobi.

RUMFAR DA KE BAYAN FILI

Amma abin da ya fi lambar zinariya amfani a wajen waɗannan wasanni ba a cikin fili yake ba. A wata rumfa yake a gefe. Cikin shekarun 1990 waɗansu likitocin ido da na haƙori suka fara duba 'yan wasan kyauta, abin da suka gani kuwa ya tayar musu da hankali: ga mutane a ƙasa mai arziki, suna gudu da ruɓaɓɓen haƙori, suna harbin raga da idon da ba ya gani sosai. A 1997 aka mai da wannan aiki shiri na dindindin, mai suna Lafiyayyun 'Yan Wasa. Daga lokacin zuwa yau an yi gwaji fiye da miliyan 2 kyauta a ƙasashe daban daban.

Lissafin ƙungiyar ya nuna cewa cikin 'yan wasa 10, wajen 4 suna da ruɓewar haƙori da ba a yi wa magani ba, wajen 4 suna bukatar tabarau sabo, wajen 2 kuma ba sa cin gwajin ji. A Ingila ma, inda asibiti kyauta ne, wani bincike da Jami'ar Biristol ta fitar a 2013 ya gano cewa maza masu wannan lalura kan riga sauran maza mutuwa da shekara 13, mata kuwa da shekara 20, sau da yawa saboda cututtukan da ake iya magancewa.

Me ya kawo haka? Dalilin a fili yake. Aikin likita da tambaya yake farawa: ina ke ciwo, tun yaushe? Wanda bai iya ba da amsa ba, an bar shi a baya tun daga bakin ƙofa. Yaron da haƙori ke ci yakan bugi kansa, ko ya ƙi abinci, ko ya yi ta ihu da dare, sai a ce halinsa ne. Wanda dauɗa ta toshe wa kunne ba ya amsa kira, sai a ce taurin kai ne. Wanda ba ya ganin allo sai a ce daƙiƙancin ne ya ƙaru. Naƙasar takan zama bargo, ta rufe duk wata cuta da ke ƙarƙashinta.

A cikin rumfar an raba aiki sashe sashe. A sashen ido ba a tambayar haruffa, sai a nuna hoton gida da da'ira da murabba'i, ɗan wasa ya nuna irinsa a kan katin da ke hannunsa. Wanda ya bukaci tabarau a ba shi kyauta, da taimakon ƙungiyar Lions Clubs. A sashen kunne akwai 'yar na'ura da ake sawa a kunne ta aika sauti ta saurari amsawarsa, ba sai mutum ya ce uffan ba. A sashen haƙori ana duba ruɓewa da kumburin dasashi, wanda wani tsohon maganin farfaɗiya kan haddasa. Akwai masu auna ƙafa, don da yawa suna fama da takalmin da ba girmansu ba, ba su kuwa taɓa faɗa ba. Akwai masu awon jini da nauyi, da masu koyar da motsa gaɓoɓi, da masu koya wa ɗan wasa yadda zai kwantar da hankalinsa in ya firgita.

Kafin a ba da izinin wasa kuma sai likita ya saurari zuciya, don wajen rabin masu lalurar Down da matsalar zuciya ake haihuwarsu. Yakan kuma bincika wuya, saboda a waɗansunsu gaɓar da ke ƙarƙashin ƙeya sako-sako ce, ƙwallon ƙafa ko alkafura na iya yi musu mummunan lahani. A ƙasa irin Gombe, inda zafin bazara kan kai awo 40, dole a ƙara da tambayar sikila da farfaɗiya, a kuma tanadi ruwan sha da inuwa.

AIKIN ƊAN SA-KAI

Duk wannan aiki a wuyan 'yan sa-kai yake. Likitoci da ɗalibansu su ke yin gwajin, amma kowane likita ɗaya yana bukatar hannuwa da yawa a bayansa. Wani ne zai tarbi ɗan wasa a ƙofa, wani ya rubuta suna da unguwa da lambar wayar waliyyi, wani ya raka shi daga sashe zuwa sashe, wani ya yi tafinta, don akwai yaron da Fillanci ko Tangale kaɗai yake ji.

Aikin yana da ladubbansa. Na farko, da ɗan wasan ake magana, ba a tsallake shi a tambayi uwarsa kamar ba ya wurin. Saurayi mai gemu ba a yi masa muryar jarirai. In Malam ne a ce masa Malam. Na biyu, tambaya ɗaya ake yi, gajeriya, a jira amsa ko da za ta daɗe. Na uku, ba a taɓa jikin mutum sai an nuna masa abin da za a yi. Ɗan sa-kai yakan fara sa na'urar a kunnensa shi kansa, yaro ya ga bai mutu ba, sa'an nan ya yarda. In ya ƙi, a bar shi ya huta, ba a danne shi. Na huɗu, mata su ke duba mata, a bayan labule. Na biyar, abin da aka gani a rumfa amana ne, ba labarin majalisar shayi ba ne, ba kuma hoton da za a watsa a Facebook don neman yabo ba.

Ribar ba ta 'yan wasa kaɗai ba ce. Ɗalibin likita da ya yini yana duba irin waɗannan mutane ya koyi abin da ba safai ake koyarwa a aji ba, kuma duk asibitin da aka kai shi aiki nan gaba da wannan ilmi zai tafi.

Sai dai fa akwai inda gizo ke saƙa. Gwaji ba magani ba ne. In an gaya wa uwa cewa haƙorin ɗanta na bukatar cirewa, aka miƙa mata takarda, ta koma gida ba kuɗin mota ba kuɗin kati, to, an ƙara mata damuwa ne kawai. Saboda haka ɗan sa-kai na ƙwarai shi ne wanda bayan an naɗe rumfa zai bi sawu, ya buga waya, ya je gida, ya raka su asibiti, ya tsaya a layi tare da su. Wannan aiki ba ya bukatar digiri. Maƙwabci yake bukata.

ABIN DA KE HANNUN GOMBE

In an duba, kayan haɗin duk suna nan kusa da Tumfure. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, ga Asibitin Ƙwararru na jiha. Ga Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, mai horar da likitoci, ga kwalejin koyon aikin jinya da unguwarzoma, ga ta kimiyyar lafiya a Kaltungo. Ga 'yan bautar ƙasa da ake turowa kowace shekara, cikinsu har da likitoci. Ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, waɗanda suka saba tsare layi a filin idi da taron coci, ga Red Cross. Ga doka kuma: a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati, a 2020 kuma aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. Amma doka a takarda ba ta cire haƙori.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin unguwa ba: filin makarantar firamare ran Asabar, rumfa biyu ko uku, benci, ƙwallo, da sanarwa daga bakin mai unguwa da liman da fasto, don su iyaye ke jin maganarsu. Kwanaki ma an riga an ware, 21 ga Maris domin masu lalurar Down, 3 ga Disamba domin naƙasassu baki ɗaya. Ƙwallon shi ne ke fito da yaron daga ɗaki, don uban da ke jin nauyin kai ɗansa wurin da aka ce na marasa lafiya ne, ba ya jin nauyin kai shi wasa. In ya fito kuwa, likita ya gan shi.

Mutanen ƙasar nan ba baƙin aikin gayya ba ne. Da shi kakanni suka yi noma, suka yi rufin ɗaki, suka haƙa rijiya, kuma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayen waɗannan yara, musamman mata, sun daɗe suna ɗauke da jinkar su kaɗai, ga tsegumin dangi, ga kuɗin masu magani, ga tunanin wa zai riƙe yaron in ƙasa ta rufe musu ido. Unguwar da ta iya karɓar baƙi daga kowace kusurwa ta ba su wurin zama, ba za ta kasa samar wa 'ya'yanta wuri a cikin fili ba. Allah Ya ba masu iko da masu ilmi da matasa niyyar wannan aiki, Ya kuma saka wa duk wanda ya ba da yininsa dominsa da alheri, amin.